Shin Ko Kun San? Hanyar Da Waya Ke Bi A Cikin Bangon Ɗakinku

Shin ko kun san cewa sunan Minna kansa da wuta aka raɗa shi? Dattawan Gbagyi, masu garin na asali, suna cewa daga kalmominsu ya fito, ma'anarsa kuwa watsa wuta, domin a da akan kashe wutar kowane murhu sau ɗaya a shekara, a kunna sabuwa, a rarraba ta gida-gida. Har yau aikin da jihar Neja ke yi wa ƙasa ke nan, sai dai wutar ta sake kama. Madatsar Kainji, da aka kammala a 1968, an sa mata injinan megawat 760. Jebba ta biyo baya a 1985 da 578. Shiroro, da ke nan kusa da mu a kan kogin Kaduna, ta zo a 1990 da 600, ga kuma Zungeru mai 700 a baya-bayan nan.

Shin ko kun san wutar nan matakala take bi kafin ta iso ɗakinku? Tana barin Shiroro da ƙarfin bolt 330,000, a sauke ta zuwa 132,000, sai 33,000, sai 11,000, sannan taransifomar unguwa ta mayar da ita kimanin 230, wadda ita ce ke cikin soket ɗin da kuke cajin waya. Yara har gobe "NEPA!" suke ihu idan an kawo wuta, alhali NEPA da aka kafa a 1972 ta bar sunan tun 2005, kuma a 2013 kamfanin AEDC ya karɓi aikin raba wuta a Neja. To amma ga abin da ya kawo ni: hannun kamfani a bakin mita ya tsaya. Duk wayar da ta shige daga nan zuwa cikin gida, alhakinta na wuyan maigida ne da wanda ya ɗauko ya yi masa wayarin.

Shin ko kun san wayoyi uku ke zuwa kowane soket na kirki, kuma kowace da sunanta a bakin masu sana'a? Akwai layif, mai kawo wuta, ita ce mai kisa. Akwai nutural, hanyar da wutar ke komawa bayan ta yi aikinta. Sai atin, wadda ba ta ɗaukar komai muddin lafiya ake, tana nan tana jiran ranar da layif za ta taɓa jikin firji ko dutsen guga, ta kwashe wutar zuwa ƙasa kafin hannun mutum ya kai. Ita wannan ta ukun ce ake yawan cinyewa a lissafi, tunda fanka za ta juya, ƙwai zai kama, ko da babu ita. Ku sa a kwance muku fuskar soket ɗaya a gidanku bayan an kashe wuta, ku ƙirga wayoyin. Gidaje da yawa biyu za a tarar.

Launi ma yana da tarko. A tsohon tsarin da muka gada daga Ingila, ja ce layif, baƙa nutural, koriya ko koriya mai ratsin ɗorawa kuma atin, kuma shi ne har yanzu ya fi yawa a bangayenmu. Amma Ingila ta sauya tun 2004, ta kuma wajabta sabon tsarin a 2006: ruwan ƙasa layif, shuɗiya nutural. A layi uku kuwa, wato fes uku, inda da ake da ja da ɗorawa da shuɗi, yanzu ruwan ƙasa ne da baƙi da ruwan toka. Kun ga inda gizo ke saƙar? Baƙar waya da muka sani nutural, a sabon tsari tana iya zama mai wuta, shuɗiyar da muka sani mai wuta ta koma nutural. A kayan Amurka kuma baƙa ce layif, fara ce nutural. Kasuwarmu duka ukun take karɓa. Mai aikin da ya san ciwon kansa ba ya yarda da launi sai ya gwada.

Shin ko kun san makunni a kan layif ake ɗaura shi, ba a kan nutural ba? Idan aka juya, ƙwai zai mutu idan an kashe, amma mazauninsa yana nan cike da wuta, yana jiran wanda zai hau kujera ya canza ƙwan.

Yanzu ga wadda ta fi ci mini tuwo a ƙwarya. Shin ko kun san cewa waya tana da hanyar da aka shata mata a cikin bango, kamar yadda burtali yake ga shanu? Ƙa'idar wayarin ta Ingila, wadda bugunta na farko ya fito tun 1882, na 18 kuma a 2018, kuma ita ce ginshiƙin abin da ake koyarwa a makarantun fasaha na ƙasar nan, ta ware wurare kaɗan. Daga soket ko makunni, waya ta miƙe sak sama, ko sak ƙasa, ko ta tafi a kwance sak dama ko hagu. Bayan wannan, an yarda ta bi ta cikin milimita 150 na can saman bango a ƙarƙashin silin, ko milimita 150 daga kusurwar da bango biyu suka haɗu. Milimita 150 inci shida ke nan, kaurin ƙaramin bulo. Shi ke nan. Ba a yarda ta ratsa a karkace ba.

Dalilin ba ya buƙatar digiri. Da zarar birkila ya shafe filasta, mai fenti ya bi, babu idon da zai sake ganin wayar nan, watakila har shekara talatin. Abin da ya rage a fili soket ne da makunni, su ne shaidar da ke gaya wa na baya inda wayar ta kwanta. Kafinta mai kafa labule, mai ɗaura talabijin a bango, uwargida mai son rataye madubi, duk da wannan shaidar suke aiki: kada a kafa ƙusa daidai saman soket, ko ƙasansa, ko a layinsa na kwance. Wanda ya ratsa da waya a karkace ya yi wa duk waɗannan mutane ƙarya, mutanen da bai taɓa gani ba.

Na ga wannan da idona a wani gidan haya da na taɓa zama a Tunga. Maƙwabcina ya sayo agogon bango, ya duba, ya zaɓi tsakiyar bango, nesa da makunni, nesa da soket, wurin da kowa zai ce babu komai. Ya ɗora ƙusar kankare. Bugu na farko, na biyu, a na uku sai ji muka yi fau! Tartsatsi ya tashi, ɗakin ya cika da ƙaurin roba, fankar da ke juyawa ta fara lafawa. Allah ya sa ƙotar gudumar ta katako ce, kuma ya riga ya saki ƙusar. Da dattijon da ke mana gyaran wuta ya zo ya fasa filastar, sai ga waya tsirara, babu ko bututu, ta taso daga makunnin bakin ƙofa ta ratsa bango a gicciye zuwa soket ɗin da ke can lungu, kan ƙusar ya narke a jikinta. Dattijon ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Malam, ka yi sadaka. Wannan tarko aka ɗana maka." Wayar da mai aikin farko ya rage da wannan yanke, da za a auna, ba ta fi yadi biyu ba. Garin gyaran gira aka tashi rasa ido.

A duba bayan bango ma. Ɗaki biyu bango ɗaya suka haɗa, kuma soket ɗin ɗakin amarya yana iya zama daidai inda kuke shirin hudawa daga falo.

Shin ko kun san zurfin ramin da ake sassaƙa wa bututu shi ma yana da iyaka? Ƙa'idar gini ta Ingila ta ce ramin da ya miƙe tsaye kada ya wuce sulusin kaurin bango, na kwance kuma kada ya wuce kashi ɗaya cikin shida. A bulo mai inci shida, inci biyu ke nan a tsaye, inci ɗaya a kwance. Mu kuwa bulonmu mai rami ne a ciki, fatarsa ba ta da kauri, ga siminti da ake yi wa rowa wajen bugawa. Idan yaro ya sa cizal da guduma ya bi bango a kwance daga wannan kusurwa zuwa waccan, ya yanke wa bangon ƙugu ne, kuma tsagar da za ta fito bayan damina biyu daga nan take. Masu aiki da tsari tun ana ɗora bulo suke zuwa, su zura bututunsu ta ramukan bulon, su shimfiɗa na sama kafin a zuba kankare. Wanda ya bari sai an gama gini sannan ya nemi mai wayarin, ya biya kuɗin gini ya kuma biya na rushewa.

Wayar da ba ta kai zurfin milimita 50 daga fuskar bango ba, ƙusa na iya cim mata. Shi ya sa ƙa'ida ta ce ko a saka ta cikin bututun ƙarfe da aka haɗa da atin, ko a tsare layin da na'urar da ke yanke wuta idan ta zurare. Bututun roba da muke amfani da shi ba ya tare ƙusa ko kaɗan. Amfaninsa shi ne ya raba waya da siminti da danshi, ya kuma ba da damar zare tsohuwa a zura sabuwa ba tare da an fasa bango ba. Wannan shi ake kira kwandit. Wanda ake bin fuskar bango da shi ana kafawa da 'yan maƙalai kuwa, safes. Mutane na raina safes, suna ganin na talaka ne, ni kuwa ina ganin a gidan ƙasa ko tsohon gini, safes mai tsafta ya fi kwandit na ha'inci sau goma, tunda komai a fili yake.

Ba a cika bututu taf: kimanin kashi 40 cikin 100 na cikinsa waya ke ɗauka, sauran na iska ne. Ba a yin lanƙwasa fiye da biyu tsakanin akwati da akwati. Wayar dish da ta intanet, bututunsu daban. Kuma ba a haɗa waya a cikin bututu, ko kusa ko alama. Haɗi a cikin akwati ake yi, mai murfi, inda hannu zai kai. A murɗe waya biyu a naɗe da salatif a tura cikin bango, wannan garwashi ne aka binne: haɗin da ya saki yana zafi, zafi yana cin roba, sai dare ɗaya a ce gobara ta tashi ba a san dalili ba.

Shin ko kun san abin da mai wayarin ke nufi idan ya rubuta muku 1.5 da 2.5 da 4 a takardar sayayya? Kaurin jan ƙarfen da ke cikin wayar ne, ba na robar ba. Mai 1.5 ta ƙwai ce da fanka. Mai 2.5 ta soket. Mai 4 ta na'urar sanyaya ɗaki da hitar wanka, kowace da layinta da birekarta. Mai 6 ta murhun lantarki, mai 10 ko 16 kuma ita ke ɗauko wuta daga mita zuwa akwatin rarrabawa. Idan kuɗi suka gaza, a rage yawan soket, kada a rage kaurin waya.

Zafin garinmu ma yana cikin lissafi, kuma ba kasafai ake sa shi ba. Robar wayar gida ba ta son wuce digiri 70. Jadawalin da ke cewa waya mai 2.5 a cikin bututu tana ɗaukar amfiya 24, ya ɗauka zafin wurin digiri 30 ne. Idan ya kai 40, ƙarfinta ya koma kashi 87 cikin 100. Idan ya kai 50, kashi 71, wato kusan amfiya 17. To ku tuna Minna a watan Maris da tsakar rana, ku tuna yadda tsakanin kwano da silin yake, inda mai aiki ke shiga ya fito kamar an tsamo shi daga kogi. Nan ne kuma aka fi watsa wayoyi barkatai, ba bututu, ga ɓera yana gwada haƙoransa.

Ba kowace waya mai jan ciki ce jan ƙarfe ba. Akwai sanholo da aka yi wa wanka da jan ƙarfe, kuma ingancin sanholo wajen wuce da wuta kusan kashi 61 cikin 100 ne na jan ƙarfe. A kankare bakin wayar da wuƙa: idan fari ya bayyana a ciki, a ajiye musu kayarsu. A ɗaga naɗin a ji nauyi, a nemi tambarin hukumar SON da sunan kamfani a jikin robar. Abin alfahari ne cewa a wannan fanni wayar gida Najeriya ce masu sana'a ke nema da suna, irin su NOCACO ta Kaduna da Cutix ta Nnewi da Coleman da Nigerchin, har ta kai masu jabu sunayen nan suke kwaikwayo. Araha dai ba ta ado.

Shin ko kun san bireka da fis waya suke karewa, ba mutum ba? Bireka mai amfiya 20 ba za ta faɗi ba sai wuta ta haura 20. Mutum kuwa yana jin wuta tun daga kashi 1 cikin 1,000 na amfiya ɗaya, wajen kashi 10 zuwa 15 hannunsa na iya ƙanƙame waya ya kasa saki, kafin a kai kashi 100 zuciya na iya rikicewa. Bireka ba ta ma san ana yi ba. Mai tsaron rai ita ce na'urar da ake kira RCD, masu aikinmu kuma suka fi saninta da ELCB. Tana auna wutar da ta fita ta layif da wadda ta dawo ta nutural, idan ta ga giɓin kashi 30 cikin 1,000, ta san wuta ta bi wata hanya, watakila ta jikin yaro, sai ta yanke kafin ƙiftawar ido. Tana da ɗan maɓalli na gwaji, a danna shi duk wata shida. Abin da ke ba ni takaici shi ne idan ta dame mutane da faɗuwa, sai a kira yaro ya tsallake ta, alhali faɗuwar nan gaya musu take yi akwai inda wuta ke zurara.

Haka masu ɗaure katawut, wato mazaunin fis, da waya mai kauri don fis ya daina ƙonewa. Fis an yi shi ne ya mutu a madadin gida. Idan aka hana shi mutuwa, wayar cikin bango ce za ta karɓi aikin.

Soket mai baki uku da muke amfani da shi, wanda Ingila ta fito da shi a 1947, amfiya 13 yake ɗauka, kusan wat 3,000. Duk yawan bakunan da ke jikin wayar ƙari, ta filogi ɗaya suke sha. Dutsen guga da butar lantarki kaɗai sun isa su cika ma'aunin. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram kuwa na Faransa suka gada, mai zagayayyen baki biyu, shi ya sa kayan da aka tsallako da su ba sa zama daidai a namu, kuma cusa su da tsinke ko mabuɗi ba dabara ba ce.

Shin ko kun san atin tana jin rani? Sandar da ake kafawa a ƙasa da danshi take aiki. Daga Afrilu zuwa Oktoba ƙasar Minna a jiƙe take, amma idan hunturu ya busar da ita, sandar da aka kafa sama-sama, musamman a unguwanni masu dutse, ta zama ado. Masu aiki kan zuba gawayi da gishiri a ramin, kuma yana taimakawa, sai dai gishiri yana cin ƙarfe da mahaɗin a hankali. A kafa ta da zurfi, a wuri mai laima, a bar mata murfi don a riƙa dubawa. Akwai na'urar auna ta. Ku tambayi mai aikinku kai tsaye: "Injiniya, ina sandar atin ɗin gidan nan, kuma nawa ta nuna da ka auna?"

Shin ko kun san taransifoma tana aiki gaba da baya? Wanda ya tada janareta ya cusa wayarsa a soket ba tare da na'urar canjin layi ba, wutarsa na fita ta mita ta hau fal-waya, kuma taransifomar da ke sauke 11,000 zuwa 230 tana iya ɗaga 230 ɗinsa ta mayar dubbai. Ma'aikacin da ke saman turke ya tabbatar an kashe layi, bai san wani a Kpakungu ko Maitumbi ya tada inji don kallon ƙwallo ba. Masu sola da inbata kuma su riƙe wannan: ɗauke wuta ba ya nufin bangonku ya mutu. Unguwa na cikin duhu, wayar ɗakinku na da wuta.

Idan kuka ga ƙwan wani ɗaki ya yi haske fiye da kima, na wani ya dushe, a gida ko layin da ke kan fes uku, sau da yawa nutural ce ta tsinke. A irin wannan hali wutar soket na iya tashi ta doshi 400. A kashe babban makunni nan take, kafin a fara ƙirga firji da talabijin.

Wanda wuta ta kama ba a taɓa shi da hannu. A kashe daga akwati, in ba hali a ture shi da busasshen katako, sannan a kai shi asibiti ko da ya miƙe yana cewa lafiyarsa ƙalau, domin bugun zuciya na iya rikicewa daga baya. Gobarar lantarki kuma ba a watsa mata ruwa sai an yanke wutar.

Shin ko kun san akwai hukumar da ke ba masu wayarin takardar shaida? NEMSA ce, wadda dokar 2015 ta kafa, kuma aikinta ya haɗa da duba wayarin kafin a jona wuta. Garin da ke da Jami'ar Fasaha ta Tarayya tun 1983, a Bosso da Gidan Kwano, bai rasa waɗanda suka san aikin ba. Neman takardar mutum ba cin fuska ba ne. Wanda ya iya, murna zai yi an tambaya.

Ga masu gini a yanzu, akwai rana ɗaya da ba ta dawowa: ranar da aka gama shimfiɗa bututu, birkila bai fara filasta ba. A ranar ku shiga da wayarku ta hannu, ɗaki-ɗaki, bango-bango, ku sa yaro ya riƙe tef ɗin awo daga kusurwa, ku ɗauki hoto. Inda kuka ga bututu ya karkace, ku sa a cire a miƙar da shi tun siminti bai rufe ba. Hotunan a wanke su, a rubuta sunan kowane ɗaki a baya, a ajiye tare da takardun fili. A murfin akwatin rarrabawa kuma a manna takarda: bireka ta ɗaya falo, ta biyu ɗakin girki, ta uku famfon rijiya.